Yadda ake soya shinkafa da kurkum ta fito wara-wara

Launin ruwan ɗorawan nan da ake gani a soyayyiyar shinkafar gidan biki, yawanci daga garin kori yake fitowa, shi kuwa kori kurkum ne ke ba shi launi. Sauran abubuwan da ke cikinsa ƙamshi suke kawowa. To idan uwargida ta yi amfani da kurkum zalla, ita ke da iko da launin girkinta, ba sai ta yi ta ɗura kori har ƙamshinsa ya danne na nama da kayan lambu ba. Sai dai kurkum yana da hali. In ya yi yawa ya yi ɗaci, in bai haɗu da mai ba ya yi gafi, in wuta ta yi masa yawa ya ƙone nan take. Ita ma shinkafar tana da nata sharaɗin: dole ta shiga kasko a bushe kuma a huce. Duk abin da za mu faɗa a ƙasa a kan waɗannan biyun ya rataya.

Kurkum ɗin da za ki saya

Kurkum, wanda wasu ke kira gangamau, saiwa ce dangin citta. Ana samunsa iri uku a kasuwa: ɗanye, busasshe da ba a daka ba, da kuma gari. Don wannan girkin gari ya fi sauƙin aunawa. Amma ki saye shi wurin masu kayan ƙamshin girki, kar ki ɗebo daga wanda aka haɗa don gyaran jikin amare, domin shi sau da yawa an gauraya shi da wasu abubuwan da ba na ci ba. In kina da hali ki sayi busasshen, ki wanke, ki shanya ya bushe ƙarau, ki daka a turmi ki tankaɗe da rariya mai laushi. Yana da tauri ƙwarai, zai ba ki aiki, amma kin san abin da kika zuba a tukunyarki.

Gari mai kyau launinsa rawaya ne mai zurfi da ya ɗan karkata zuwa ruwan lemo, kuma kina buɗe shi za ki ji ƙamshi kamar na citta haɗe da ƙasa. Wanda ya koɗe ya daina ƙamshi ya tsufa, ko an bar shi a rana. Idan ɗanye kika samu, ki kankare bayansa da cokali ki gurza. Babban cokali 1 na gurzajjen ɗanye yana tsayawa a madadin ƙaramin cokali 1 na gari.

Kayan haɗi na mutum 6

Kofin da muke nufi shi ne mai cin mililita 250. Ƙaramin cokali na shayi ne, babba kuma na cin abinci, kuma a shafe ake auna su, ba a tula ba.

- Shinkafa doguwa, kofi 3 (wajen giram 600)
- Romon kaza ko na nama, kofi 4 da rabi
- Garin kurkum, ƙaramin cokali 1 da rabi
- Man gyaɗa, babban cokali 8
- Albasa 2, tafarnuwa ƙwaya 5, ɗanyar citta tsawon gaɓar yatsa
- Karas 3 matsakaita, koren wake kofi 1, fis rabin kofi, koren tattasai 1
- Attaruhu 1 ko 2, lawashi ɗan dama
- Hanta giram 250, ƙwai 3
- Masoro rabin ƙaramin cokali, tayim ƙaramin cokali 1, dunƙule 3, gishiri

Ƙaramin cokali ɗaya da rabi zai yi miki kamar kaɗan a kan kofi uku na shinkafa. Ya isa. Rabin ƙaramin cokali ga kowane kofi shi ne ma'aunin da za ki riƙe ko da tiya guda za ki dafa. Launin kurkum ƙara fitowa yake yi yayin da shinkafa ke nuna, saboda haka wadda ta ƙara don ta ga ruwan bai yi rawaya sosai ba, ita ce za ta ƙare da abinci mai ɗanɗanon magani.

Romo

Ɗanɗanon wannan shinkafar daga romo yake, don suyar da za a yi daga baya gajeriya ce, ba za ta shigar da komai cikin ƙwayar ba. Ki tafasa kaza ko nama da albasa ɗaya, rabin tafarnuwar, rabin cittar, tayim, dunƙule 2 da gishiri. In ya dahu ki tsame naman, ki tace romon da rariya, ki auna. Idan bai kai kofi 4 da rabi ba ki cika da ruwan zafi. Ki ɗanɗana: ya kamata gishirinsa ya ɗan ɗara na miyar da za a sha, domin shinkafa za ta shanye.

Hanta daban ake dafa ta, a 'yar tukunya, da gishiri da ɗan yankan albasa, minti 10 zuwa 12. Ruwanta ki zubar. In kika haɗa shi da romo zai dusashe launin shinkafar ya koma ruwan ƙasa, ya kuma kawo ɗan ɗaci. In ta huce ki yanka ta ƙanana kamar girman ƙwayar gyaɗa.

Dafa shinkafar

Ki wanke shinkafa da ruwan sanyi sau uku ko huɗu, kina murzawa a hankali, har ruwan ya daina fari. Wannan farin sitaci ne, shi ke sa danƙo. In 'yar Hausa ce ki rege ta tukuna saboda tsakuwa. Ki zuba a kwando ki bar ta ta tsane minti 10 cikakku.

Ki ɗora tukunya mai kaurin gindi a matsakaiciyar wuta, ki zuba mai babban cokali 2. Ki sa rabin albasar da ta rage, yankakkiya ƙanana, ki soya har ta yi laushi ba tare da ta yi ja ba. Yanzu ki rage wuta can ƙasa, ki zuba kurkum ƙaramin cokali 1 da masoro, ki juya na daƙiƙa 20 zuwa 30 kawai. Za ki ga man ya rine ya koma kamar narkakken zinari, 'yan ƙananan kumfa na tasowa, ƙamshin ƙasar nan ya juye ya zama mai daɗi. Nan ne wurin tsayawa. Abin da ke ba kurkum launi a mai yake narkewa, ruwa ba ya ɗaukarsa sosai, shi ya sa wadda ta barbaɗa gari a kan ruwa kai tsaye take samun shinkafa dabbare-dabbare, wani wuri rawaya wani wuri fari, ga gafi. In kuwa garin ya koma ruwan ƙasa mai duhu kika ji ƙauri, ya ƙone. Kar ki yi ƙyashin zubarwa. Ki goge tukunyar ki sake, gara asarar cokali biyu na mai da asarar tukunya guda.

Ki juye shinkafar da ta tsane a cikin man, ki ɗaga wuta kaɗan, ki yi ta juyawa minti 2 har kowace ƙwaya ta sha mai ta ɗauki launi. Wannan man da ya lulluɓe ta shi zai hana ta manne wa 'yar'uwarta. Sai ki zuba romon da zafinsa, ki juya sau ɗaya, ki bari ya tafaso. Da ya tafaso ki rufe da murfi mai kamawa, ki mayar da wuta mafi ƙanƙanta, minti 18 zuwa 20. Kar ki buɗe, kar ki juya. In murfin ba ya zama daidai, ki shimfiɗa takardar foyil a bakin tukunyar kafin ki rufe. Mai girki da gawayi ta kwashe mafi yawan garwashin ta bar 'yan kaɗan da toka-toka a kansu; mai itace ta janye itacen ta bar garwashi.

In lokaci ya cika ki kashe wuta, ki bar tukunyar a rufe minti 10 ta ƙarasa turara. Sannan ki ɗauki ƙwaya ɗaya ki matse tsakanin yatsu. Ana so ta lotse ba tare da farin gari a tsakiya ba, amma kar ta narke ta shafe a yatsa. Shinkafar suya ana sauke ta ne saura ƙiris ta kai laushin wadda za a ci da miya.

Wannan ma'aunin na shinkafar da aka turara tun daga kamfani ne, irin wadda ake kira ta gwamnati. Basmati ba ta son ruwa haka: ki jiƙa ta minti 20, ki tsane, ki ba ta romo kofi 3 da kashi uku cikin huɗu, minti 12 a wuta. 'Yar Hausa kuwa iri-iri ce, sabuwa ba ta shan ruwa kamar wadda ta kwana biyu a buhu. Ki fara da kofi 4, in ya tsotse ba ta nuna ba ki yayyafa ruwan zafi rabin kofi ki sake rufewa. Ƙara ruwa abu ne mai sauƙi, cire shi ne ba ya yiwuwa. Masu fara yi wa shinkafa rabin dahuwa su wanke, su tafasa ta minti 5 zuwa 7 kawai, sannan romon da za su zuba ya tsaya daidai kan shinkafar, kar ya haura.

Hucewa

Matakin da aka fi tsallakewa kenan, kuma shi ne ya fi raba soyayyiyar shinkafa da dafa-duka mai launi. Ki juye shinkafar a faffaɗan tire, ki baza ta da cokali mai yatsu, kaurinta kar ya wuce faɗin yatsu biyu. Ki ajiye gaban fanka ko inda iska ke wucewa, minti 30 zuwa 40, ki juya ta sau ɗaya a tsakani. Tururi zai fice, bayan ƙwayar ya bushe ya yi ɗan tauri, sai ta iya jure juyi a kasko ba ta farfashe ba. Shinkafa mai zafi in ta shiga kasko, tururinta ke dafa ta karo na biyu, nan take ta caɓe.

In kina da firij mai sanyi kuma wuta na tsayawa, ki dafa da dare, ta huce a tire, ki rufe ki sa a ciki, ki soya washegari. Wadda ta kwana a firij ta fi kowacce kyau. Amma kar ki bar ta a waje ta kwana da sunan hucewa, za mu zo kan dalilin. Kafin suya ki shafa ɗan mai a hannu ki warware duk inda ta dunƙule.

Kayan lambu, hanta da ƙwai

Tana hucewa kina yanka. Karas da koren wake ƙanana, girmansu ɗaya da fis, domin su nuna tare kuma su shige cikin shinkafar. Bayan kin wanke ki tsane su sosai, ko ki goge da tsabtataccen ƙyalle. Fis ɗanye yana buƙatar tafasa minti 5 tukuna. Na gwangwani kuwa a tsiyaye ruwansa, a ɗauraye, a sa shi a ƙarshe.

Ki ɗora faffaɗan kasko a wuta mai ƙarfi da mai babban cokali 1. Ki kaɗa ƙwai da ɗan gishiri da masoro don kashe ƙarni, ki zuba, ki dagargaza, ki kwashe tun yana da laushi. Ki ƙara mai cokali 1, ki soya hanta minti 2 zuwa 3 har gefenta ya yi ja, ki kwashe. Hanta in ta daɗe a mai tauri take yi kamar roba.

Ki sake zuba mai cokali 1. Sauran albasa, tafarnuwa, citta da attaruhu su shiga, minti 1. Karas da koren wake su biyo, minti 3 zuwa 4, da dunƙule ɗayan da ya rage. Sai fis da koren tattasai, minti 1. Ki sauke tun karas na da ɗan ƙaras-ƙaras a haƙori kuma koren bai dusashe ba. Sai dai fa su soyu da gaske, ruwan jikinsu ya ƙone; kayan lambun da aka zuba kusan ɗanye su ne kan fara lalata shinkafa a kula. Ki haɗe su da hanta da ƙwai a kwano ɗaya.

Tumatir ba shi da wuri a nan, ruwa yake saki. Manja zai binne launin kurkum gaba ɗaya. Kabeji ma ruwa ne da shi, in ana so a yi shi gefe a matsayin haɗin salak.

Suyar kanta

Kofi 3 na ɗanyar shinkafa yana komawa kofi 8 zuwa 9 in ya dahu, kuma kaskon gida ba ya ɗaukar wannan a tashi ɗaya. Ki kasa shinkafar kashi uku, kayan haɗin ma kashi uku. Man da ya rage, babban cokali 3, ki dama sauran rabin ƙaramin cokalin kurkum a ciki, cokali ɗaya ga kowane kashi. Wannan kurkum na biyu shi ke ba shinkafar sheƙi a ido, na farkon kuwa ya riga ya shiga cikin ƙwayar.

Ki bari kasko ya yi zafi sosai tukuna. In kika ɗiga ruwa ya yi tsalle ya ɓace, ya yi. Ki zuba man mai kurkum, kuma kar ki jira, ki bi shi da shinkafa nan take, don a irin wannan zafin daƙiƙa kaɗan sun isa su ƙona garin. Ki baza ta ta rufe gindin kaskon, ki ƙyale ta daƙiƙa 30 ba taɓawa, sannan ki ɗago daga ƙasa ki kifa. Ki sake bazawa, ki sake ƙyalewa. Da faffaɗan cokalin katako ake yi, ana ɗagawa ana kifawa. Tuƙi irin na tuwo farfasa ƙwayar yake yi.

Kunnenki zai gaya miki inda aka kwana. In kina jin ƙara mai kaifi, tas-tas, wasu ƙwayoyin ma suna ɗan tsalle a gefe, suya ake yi. In kika ji shiru, ko wani sauti mai laushi tare da farin tururi yana tashi, kaskon ya yi sanyi ko kin cika shi, shinkafar turara take yi. Ki rage wadda ke ciki, ki ƙara wuta. Mai gawayi ta sa mafici a nan.

Bayan minti 3 ki zuba kashi ɗaya na kayan haɗin, ki juya minti 1 zuwa 2, ki watsa lawashi, ki ɗanɗana gishiri, ki juye a babban kwano. Kar ki rufe. Ki kankare duk abin da ya kama a kaskon kafin kashi na biyu, in ba haka ba baƙin zai bi sauran. In an gama duka ki gauraya su wuri ɗaya. Ɗan bota ko man shanu soyayye, cokali ɗaya, a kan shinkafar tana da zafi yana ƙara mata ƙamshi, haka ma matsin rabin lemon tsami yana farkar da ɗanɗanon ya kuma ƙara wa launin haske.

In abu ya ɓaci

Idan shinkafar ta koma ja ko ruwan jar ƙasa maimakon rawaya, kanwa ce ta taɓa ta. Kurkum yana juyewa ja da zarar ya haɗu da kanwa, bekin soda, ko sabulun da bai ɗauraye daga tukunya ba. Wannan yakan faru ga wadda ta sa 'yar kanwa a tafasar nama don ya yi saurin laushi, sannan ta yi amfani da romon. Ki guji hakan tun farko. In ya riga ya faru, ruwan lemon tsami yana dawo da wani ɓangare na launin.

Idan ta caɓe tun a tukunya, ki baza ta a tire siriri ƙwarai, ki ba ta lokaci gaban fanka ko a firij ba murfi, sannan ki soya kashi ƙanana da wuta mai ƙarfi. Za ta gyaru amma ba za ta zama kamar wadda aka auna wa ruwa daidai ba. In kuma tsakiyarta da sauran tauri bayan kin fara suya, ki yayyafa romo babban cokali 2 ko 3, ki rufe minti 2, ki buɗe ki ci gaba.

Ɗacin da yawan kurkum ya kawo ba ya fita da gishiri ko dunƙule. Maganinsa ki dafa farar shinkafa kofi 1, ta huce, ki soya su tare. Kamun kasko kuwa daga abu biyu yake: ko kaskon bai yi zafi ba kafin a zuba, ko shinkafar da sauran damshi. Mai da ya yi yawa har yana kwanciya a gindin faranti alama ce ta an yi ta ƙara shi don hana kamu, alhali zafi ne ya yi kaɗan.

Ajiya

Soyayyiyar shinkafa tana cikin abincin da ya fi saurin lalacewa. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zama a jikin ɗanyar shinkafa wadda dahuwa ba ta kashe irinta. Da shinkafa ta zauna da ɗumi-ɗumi sai ta farfaɗo ta hayayyafa, ta saki dafin da ke sa amai, kuma ɗumame ba ya kashe wannan dafin. Ba lallai ne ma ki ji tsami ko ki ga yauƙi ba. Saboda haka kar dafaffiyar shinkafa ta wuce awa 2 a waje, a lokacin zafin bazara kuwa awa 1. Ragowa ki baza ta huce da sauri, ki sa a firij, a cinye cikin kwana ɗaya. Ɗumame sau ɗaya ake yi, a kasko da ɗan yayyafin ruwa, har tururi ya fito daga ko'ina.

In za a kai wani wuri a kula, ki ɗauraye kular da tafasasshen ruwa ki goge ta bushe, ki zuba shinkafar da zafinta daga kasko, ki shimfiɗa tsabtataccen ƙyalle ƙarƙashin murfin ya tsotse gumin da zai ɗiga, kuma a ci da wuri. Kar a zuba nama mai romo ko salak a kanta cikin kula ɗaya.

Tabon kurkum

Zai rina miki yatsu, cokalin katako, robar ajiya da katakon yanka. Ki shafa mai a hannu kafin ki gurza ɗanyen, kuma ki yi ajiya a kwanon silba ko na tangaran maimakon farar roba. In ya ɗiga a tufafi, ki kankare abin da ke sama ba tare da gogawa ba, ki wanke da ruwan sanyi da sabulu. Wurin zai koma ja, kar ki tsorata, haɗuwarsa da sabulu ce, ɗauraya za ta mayar da shi rawaya. Sai ki shanya a tsakiyar rana da damshinsa. Hasken rana yana cinye launin kurkum, yini ɗaya ko biyu tabon zai ɓace, haka ma roba da katakon yanka in aka kifa su a rana bayan wanki.